Ƙungiyar da ke rabon taki ba za ta iya yi wa manomi magana ba

Ranar wata Juma'a bayan kakar 2025 na je gida, ƙauyenmu da ke kudancin jihar Kano, yankin da masara ce abin tinƙahon manomi. Na iske Baffana a zaure, rediyo a gefensa, buhunan masara jibge a bayansa har sun kusa taɓa rufi. Ana cikin labaran rana sai aka sako muryar shugaban wata ƙungiyar manoma. Ya daɗe yana magana, amma duk a kan abu ɗaya: godiya ga gwamnati bisa takin da ta yi alkawarin rabawa, sai kuma kira ga manoma da su ƙara haƙuri.

Baffa ya rage muryar rediyon, ya nuna buhunan da haɓarsa. Ya ce, "Ɗan nan, bana sai na sayar da biyu cikin waɗannan kafin in sayi buhun taki ɗaya. Shi wannan da yake magana da yawuna, ya san da haka kuwa?"

Na ce, "Baffa, ai ba zai rasa sani ba." Ya ce, "To in ya sani, me ya hana shi faɗa?"

Tambayar nan ce ta sa ni wannan rubutu, kuma ina jin na san amsarta. Takin da yake godiya a kai shi ne ya ɗaure masa baki, domin ta hannunsa za a raba. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Ga inda na tsaya. Manoman kowace jiha suna buƙatar ƙungiya guda mai ƙarfi, wadda su ne suke ciyar da ita da kuɗinsu, su ne suke zaɓen shugabanninta tun daga mazaɓa, kuma wadda ta haramta wa kanta taɓa rabon taki, iri ko bashin gwamnati. Sharaɗin ƙarshen nan na san zai sosa wa mutane da yawa rai, amma in an cire shi sauran maganar ba ta da amfani.

Ƙungiyoyi dai muna da su

Akwai AFAN, ƙungiyar manoman Najeriya baki ɗaya, mai rassa a kowace jiha. Akwai RIFAN ta manoman shinkafa, akwai ta masu masara, ta masu alkama, ta masu tumatir, ga ƙungiyoyin gama-kai rututu da aka yi wa rajista. A cikinsu akwai mutanen kirki da suka sha wahala don manomi, ban musa ba.

Amma ka tare manomi a bakin kasuwa ka tambaye shi dalilin da ya sa ya shiga ƙungiya. Amsar da za ka fi ji ita ce, "An ce sai da ƙungiya za a ba da taki." Makon da aka sanar da wani shiri, makon ake haihuwar ƙungiyoyi. Ana gama rabo su kwanta barci sai wani shirin ya zo.

Shirin bashin noma na Anchor Borrowers ya nuna mana wannan ƙarara. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamban 2015, Babban Bankin Najeriya ya zuba masa fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai tsoka ya bi ta hannun ƙungiyoyin manoma. An ga amfani: noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi, injinan casa sun yawaita a Kano. A Janairun 2022 har dalar shinkafa aka gina a Abuja.

Sai dai ka dubi abin da shirin ya mayar da ƙungiyoyin. Ofishin ƙungiya ya koma wurin cike fom. Shugaban ƙungiya ya zama mai tsaron ƙofa, shi ke sa suna shi ke cirewa. Manoman bogi suka cika takarda, wanda ke da gona ta gaske yana jiran kayan da sau da yawa sai damina ta yi nisa suke isowa. Da lokacin biya ya yi, ƙungiyar da ya kamata ta tsaya wa manomi ita ce ta koma bin sa bashi. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce abin ya haura kashi 50. Ko wanne ka ɗauka, sunan manomi ne ya ɓaci, har da wanda ko ƙwayar iri bai gani ba.

Da sabon shugabancin Babban Banki ya dakatar da irin waɗannan basussuka a ƙarshen 2023, ofisoshi da yawa suka yi tsit. Abin da ke tara jama'a ya ƙare.

Sai ga Yulin 2024, gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da ɗanyar shinkafa na kwana 150. Ina zaune a birni, na san yunwar da aka sha a shekarar, kuma na ji daɗi da kwanon abinci ya sauko. Ba wanda zai ga laifin gwamnatin da ta nemi sauƙaƙa wa mai saye. Amma wa ya zauna a teburin ya ce, in za a karya farashin masara, to a karya na taki da maganin ciyawa da man injin ban-ruwa a rana guda? Shugabannin ƙungiyoyi sun yi magana a jaridu, gaskiya ne. Maganar ba ta girgiza kowa ba, saboda hukuma ta san babu runduna a bayan mai maganar.

Kwatanta da 'yan adaidaita sahu. A Fabrairun 2021 suka ajiye aiki a Kano kan harajin naira 100 na kullum, gari ya tsaya cak, cikin 'yan kwanaki aka zauna da su. A ƙarshen watan nan dai, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta hana kai kaya Kudu. Su ma aka neme su aka zauna. A kwanakin nan tumatir da albasa suka yi kwantai a Arewa, farashi ya zube, mai lambu a Kadawa da Kura ya kwashi asara a yaƙin da ba a shawarce shi ba kafin a fara. Direba yana da baki, dillali yana da baki, wanda ya noma kayan shi ne bebe.

Me ya sa jiha?

Saboda yawancin abin da ke ci wa manomi tuwo a ƙwarya a gidan gwamnatin jiha ake yanke shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma in an karɓi gona, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin da ke kai ce da abin da aka gina, ban da ita ƙasar kanta. Duk wanda ya ga yadda gonakin gefen birnin Kano suke komawa fulotai ya san abin da wannan ke nufi ga mutumin da ya gaji gona daga kakansa.

Malaman gona na jiha ne. A Kano hukumar raya noma ta KNARDA ce ke da su, kamfanin gwamnatin jiha na KASCO kuma ke sayar da kayan noma. Hanyar da motar kaya ke maƙalewa a cikinta da damina, burtalin da aka cinye har shanu suka rasa mabi sai cikin gona, shingayen karɓar haraji tsakanin ƙauye da kasuwar Dawanau, duk a cikin jiha maganinsu yake.

Tun 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa kashi 10 cikin ɗari na kasafi zai tafi noma. Kowace shekara majalisar dokokin jiha tana zaman kasafi, kwamishinan gona yana zuwa ya kare nasa. Sau nawa ka taɓa jin wakilan manoma sun je da takarda a hannu, sun ce bara an ware kaza don gyaran madatsar ruwa kaza, mun je mun duba, ba a yi ba? Wannan shi ne aikin ƙungiya. Ba ya buƙatar zanga-zanga, yana buƙatar mutum biyu-uku da suka iya karanta kasafi, waɗanda albashinsu daga aljihun manomi yake fitowa.

"Manomi talaka ne, ina ya ga kuɗin ƙungiya?"

Wannan ce magana ta farko da ake tare ni da ita, kuma yawanci 'yan birni ne masu faɗarta. Manomi yana biya tun tuni. Yana zubin adashe. Yana ba da kuɗin 'yan sintiri. Yana biyan la'ada a kan kowane buhu. Ya sha biyan kuɗin fom na tallafin da bai taɓa zuwa ba. A wasu yankunan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, har 'yan bindiga yake biya kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka. Mutumin da ake tatsa ta ko'ina haka, a ce tiya biyu ta masara a shekara ce za ta gagare shi?

A yi lissafi a matsayin misali. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A ce mutum 200,000 ne kawai suka shiga, kowa ya ba da naira 2,000 a kaka. Naira miliyan 400 ke nan a shekara. Ta isa a ɗauki lauyoyi masu bin shari'ar gona, a ɗauki masu bin diddigin kasafi, a sayi fili a rediyo duk mako a karanta farashin taki da na hatsi kasuwa-kasuwa, a kuma sami mai zuwa ya ga asarar ambaliya da idonsa ya rubuta, kafin wani ya rubuta son ransa a ofis. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Wanda ya biya yana da bakin tambaya. Wanda aka ba kyauta godiya ce tasa.

"Ai cinye kuɗin za a yi"

Wannan tsoro na gaskiya ne, ban raina shi ba. Mun ga ƙungiyoyin da shugaba ya mayar gado. Ita kanta AFAN ta shafe shekaru cikin rikicin shugabanci, ɓangare biyu kowa na cewa shi ne halastacce, har gaban kotu. Mai gona a Doguwa bai san ma ana yi ba, kuma hakan ya isa ya nuna maka nisan da ke tsakaninsa da masu rigima a kan kujerarsa.

Amma a lura da abin da ake rigimar a kai. Kujerar da kayan gwamnati ke bi ta kanta ita ake kashe kai a samu. Cire rabon, rabin masu zawarcin kujerar za su watse da kansu.

Sauran kuma tsari ne da mutanen ƙauye suka riga suka iya. Kuɗin ginin masallacin Juma'a ana tara shi, ana karanta shi a bainar jama'a, kuma ginin yana tashi. A bar kaso mafi yawa a mazaɓa inda kowa ya san ma'aji da gidan ubansa. A ba da rasit. A sa wa'adi. Duk shugaban da ya sayi fom ɗin takarar siyasa ko ya karɓi muƙamin gwamnati, ya sauka a ranar.

"In ƙungiya ta cire hannu, 'yan siyasa za su raba wa yaransu"

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma na daɗe ina juya ta. Masu ita suna cewa gara a ba ƙungiya, ko ba komai wani abu zai kai ga mai gona.

Amsata ita ce, rabo yana buƙatar mai rabawa da mai sa ido, kuma mutum ɗaya ba ya zama duka biyun. In ƙungiya ce ta raba aka yi ba daidai ba, gun wa manomi zai kai kuka? Gwamnati tana da ma'aikatanta, ta raba da su, ko ta bi ta waya kamar yadda aka gwada daga 2012 zamanin Akinwumi Adesina yana ministan gona. Aikin ƙungiya shi ne ta tsaya a bakin sito ta ƙirga buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, ta nemi a liƙa sunayen waɗanda suka samu a kowace mazaɓa, ta je rediyo ta ce mota goma aka sanar, shida muka gani. Mai yin haka ana jin tsoronsa. Mai jiran kasonsa lallaɓa shi ake yi.

Kuma cire hannu daga kayan gwamnati bai hana ƙungiya yi wa 'ya'yanta hidima da kuɗinsu ba. Mutum 500 da suka haɗa kuɗi suka sayi taki daga kamfani tun da rani ba za su saya a farashin wanda ya je kanti neman buhu ɗaya a watan Yuli ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da wani tsari: ƙungiya ta tara hatsin mambobi a sito da kaka, a kulle, a karɓi rance a kansa, in farashi ya tashi a sayar a biya. Abin da ke karya manomi shi ne sayarwar dole da kaka, lokacin da kowa ya fito da nasa kuma masu bin bashi suna ƙofar gida. Wanda ya saya ya ɓoye shi ke cin ribar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda aka gwada

A Amurka akwai ƙungiyar da ake kira Farm Bureau. Daga gunduma guda ta faro a jihar New York a 1911, reshen jihar Ayowa ya kafu a 1918, na ƙasa baki ɗaya a 1919. Abin da ya ja hankalina shi ne hanyar da magana ke bi. Mamba yana biyan kuɗin shekara a gundumarsa. In yana da ƙorafi, ko kan harajin gona ko kan hanya, a taron gunduma zai kawo shi. In ya samu karɓuwa, wakilai su kai shi babban taron jiha a kaɗa ƙuri'a, abin da aka amince da shi kuma shi ne ma'aikatan ƙungiyar za su bi a majalisar jiha. Shugaba ba ya tashi da safe ya faɗi ra'ayinsa da sunan manoma.

Tana da nata aibun, kuma ya kamata mu san shi kafin mu kwaikwaya. Kasuwancin inshora ya shiga jikinta sosai, har mambobi da yawa ba manoma ba ne, inshorar ce ta kawo su. An kuma daɗe ana zarginta da karkata ga manyan gonaki da kamfanoni a kan ƙaramin manomi. Wannan haɗarin a wurinmu ya fi kusa. Mai hekta 500 da tarakta yana da lambar kwamishina a wayarsa, ba ya buƙatar kowa ya yi masa magana. Don haka ƙuri'a ɗaya ga mutum ɗaya, ko gonarka ta kai daga nan zuwa Falgore.

A Indiya ma, manoman Punjab da Haryana sun yi zaman dirshan a mashigan Delhi daga Nuwamban 2020, shekara guda cur, har Firayim Minista Narendra Modi ya sanar da janye dokokin noma uku ranar 19 ga Nuwamban 2021. Ƙauyukansu ne suka riƙa aiko musu da abinci da mutanen canji. Ƙungiyar da ke jiran kason gwamnati ba ta iya wannan ko na mako ɗaya.

Ba na kiran kowa ya tare hanya. Mun san abin da ya faru a Bakolori, cikin tsohuwar jihar Sakkwato, a Afrilun 1980, lokacin da manoman da aka karɓe wa gonaki don aikin madatsar ruwa suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da dama. Mutanen da ba su da wurin kai kuka su ne ake turawa har bango. Ƙungiya mai lauya da rajista da kujera a zaman majalisa tana rage yiwuwar a kai can.

Wani zai ce manomi ba shi da yajin aiki, damina ba ta jiran kowa. Haka ne. Amma yana da yawa, kuma 'yan siyasa sun fi kowa iya ƙirga. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, saboda talakan karkara ya shekara da shekaru yana kuka da su kuma ya kai kukan akwatin zaɓe. Ƙungiyar da za ta iya nuna rajistar mutum dubu ɗari biyu masu biyan kuɗi, ta aika wa kowane ɗan takarar gwamna tambayoyi biyar ta karanta amsarsa a rediyo ba tare da ta ce a zaɓi wane ba, babu ɗan takarar da zai ƙi amsa kiranta.

Abu ɗaya da zan ƙara, don ana yawan mantawa: karkara ba masu garma kaɗai ba ce. Matan da ke turara shinkafa a Kura, masu matsar man gyaɗa, masunta, da makiyayin da shanunsa ke kwana a gonar Baffa da rani suna bar masa taki, duk farashi ɗaya da hanya ɗaya da asibiti ɗaya ke wahalar da su. Ƙungiyar da ta bar su a waje ta rage wa kanta ƙarfi, kuma rigimar gona da burtali ta fi sauƙin kashewa tsakanin mutanen da suke zama a taro ɗaya tun kafin shanu su shiga gona.

Kafin in taso ranar, na faɗa wa Baffa kaɗan daga cikin wannan tunani. Na tambaye shi ko zai ba da tiya biyu a shekara ga ƙungiyar da ba za ta taɓa ba shi taki ba. Ya yi shiru yana kallon buhunan.

Ya ce, "In za a ba ni rasit, a kuma karanta abin da aka tara a ƙofar masallaci kowa yana ji, zan ba da uku. Amma ka gaya musu, wanda zai yi magana da yawuna, sai na ga gonarsa tukuna."